Shin ya cancanta a sake fito da tsofaffin manyan motocin harhaɗawa na hot rod?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma ina so mu tattauna ta a tsanake. A makon jiya na ga an saka wani tsohon kwalin Big T na kamfanin Monogram a kasuwar gwanjo ta intanet, bugun farko ne na 1962 wanda ba a taɓa harhaɗawa ba, kuma kuɗin da mai shi ya yanka masa ya haura albashina na wata guda. Saboda sababbin shiga wannan zaure, Big T motar roba ce ta harhaɗawa mai ma'aunin ɗaya bisa takwas, wato kowane inci ɗaya a jikinta yana matsayin inci takwas na motar gaske. An kwaikwayo ta ne daga irin motocin da Amurkawa ke kira hot rod, wato tsohuwar Ford da samarin kudancin Kalifoniya suke tuɓe wa madagadi da rufi da duk wani abu mai nauyi, su ɗora mata babban inji, su tafi da ita tsere a busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage. Tambayata ita ce, shin ya cancanta kamfanonin da suka gaji waɗannan manyan motoci su sake fito da su kasuwa, ko kuwa zamaninsu ya wuce, a bar su ga masu adana kayan tarihi da masu hannu da shuni?

Dattijon Mishigan:
Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na zo Amurka karatu a tsakiyar shekarun 1970, kuma a nan ne na fara ganin Big Deuce, ƙanwar Big T da Monogram ya fitar a 1963, wadda aka kwaikwayo daga Ford ta 1932 marar rufi. Wani mai kanti ne ya harhaɗa ta ya ajiye a tagar shagonsa, tsawonta ya kusa kamu ɗaya, ƙofofinta suna buɗewa, idan ka murɗa sitiyari tayoyin gaba su juya, kuma kana iya bin kowace waya da ido tun daga kan fulogi har inda ta fito. Na tsaya a bakin tagar nan cikin sanyin da ban saba da shi ba har yatsuna suka ƙage, domin ni da na taso ina ƙera motar kara da ta langa-langa ban taɓa zaton akwai abin wasa da zai nuna wa mutum cikin inji haka ba.

Ya kamata a san cewa waɗannan motoci ba a yi su da wasa ba. Monogram, wanda Jack Besser da Bob Reder suka kafa a Shikago a 1945, ya ɗauki Darryl Starbird, fitaccen maƙerin motocin ado na garin Wichita a jihar Kansas, a matsayin mai ba da shawara, har ma ya ƙera Big T ta gaske mai cikakken girma wadda aka riƙa zagayawa da ita wuraren baje kolin motoci. A lokacin da ƙananan motocin harhaɗawa ba su wuce dala ɗaya da rabi zuwa biyu ba, Big T ta kusa dala 11, ke nan kyauta ce ta babban biki, ba abin da yaro zai saya da kuɗin kashewarsa ba. Duk da haka ta samu karɓuwa har aka bi bayanta da Big Tub da Big Rod da Big Drag, waɗanda suka yi tarayya da ita a shasi da sauran kayan ƙasa. A ganina abin da ya kafa tarihi irin wannan bai kamata ya ƙare a ɗakin ajiyar mutum goma ba. An yi shi ne domin a yanka, a goge, a manna, a shafa masa fenti, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniyan Sharaɗa:
Baba, Allah Ya ƙara girma, labarinka ya ratsa ni, amma ka yi mini izini in kawo maganar daga ɓangaren masana'anta, tunda kusan shekara ashirin ke nan ina aiki a kamfanin roba a nan Kano. Mutane suna ɗauka cewa tunda tsohon mol yana nan, wato mazubin ƙarfen da ake ɗura narkakkiyar roba a cikinsa, to sake bugawa ba ta wuce a kunna inji ba. Ba a nan gizo yake saƙa ba. Mota mai ma'aunin ɗaya bisa takwas ta ninka mai ɗaya bisa ashirin da huɗu sau uku a tsawo, amma a faɗin fili ta ninka ta sau tara, a girman jiki kuwa sau ashirin da bakwai. Ƙarfin da injin zubi yake buƙata domin ya danne mol kada roba ta tsarto yana tafiya ne da faɗin abin da ake zubawa, saboda haka babbar mota tana buƙatar babban inji, irin wanda kowace sa'a da ya yi yana aiki kuɗi ne masu kauri, kuma mai masana'anta ba zai sauke aikin da yake kawo masa riba kullum ba domin ya buga 'yan dubbai na abin da zai yi shekaru a kan kanta.

Sa'an nan a duba lafiyar mol ɗin kansa. Ƙarfen da ya haura shekara sittin, aka yi ta ɗura masa roba mai zafin da ya wuce digiri 200, aka yi ta ɗaukarsa daga wannan sito zuwa wancan, dole bakinsa ya cinye. Idan baki ya cinye sai roba ta riƙa fita tsakanin fuskoki biyun, kowane yanki ya fito da ɓawo a gefensa kamar gashin kifi. Hanyoyin ruwan sanyaya shi suna toshewa da tsatsa, sandunan da suke turo kaya waje suna lanƙwashewa, kuma idan aka rasa ko da ɗan ƙaramin sashe ɗaya na mol, kamar na gilashi ko na taya, to sai an sassaƙa sabo. Na taɓa ganin an sauko mana da wani mol da ya yi shekara takwas kacal a ajiye, mun yi mako uku muna kankare shi kafin ya ba mu kaya ɗaya mai kyau. Ba na cewa ba zai yiwu ba, ina cewa ne duk wanda yake kiran a sake bugawa ya shirya jin farashin da ba zai yi masa daɗi ba.

Baban Ummi:
Injiniya, na fahimci bayaninka, amma ai ba yau aka fara ba. Ina da masaniyar cewa an sake fito da Big T da Big Deuce a shekarun 2000 da sunan Revell, kamfanin da aka haɗa da Monogram, kuma waɗannan bugun ma yanzu sun yi tsada a hannun 'yan gwanjo. Idan har kaya ya ƙare a kasuwa kuma farashinsa ya ci gaba da hawa, ashe ba alama ce ta cewa masu nema sun fi abin da aka buga yawa ba?

Dattijon Mishigan:
Haka ne, an sake su, kuma a cikin Big Deuce ta baya har an ƙara injin Ford mai shafaffen kai, irin V8 ɗin da Ford ya fara sa wa motocinsa a 1932, bayan injin Pontiac da ta zo da shi tun asali. Abin da ya sa ake daɗewa ba a gan su ba yana da nasaba da yadda kamfanin ya yi ta sauya hannu. Mattel ya sayi Monogram a 1968, a 1986 aka haɗa shi da Revell ƙarƙashin mai gida ɗaya, Hobbico ya saye su a 2007, shi kuma ya karye a farkon 2018. Daga nan wani kamfanin zuba jari na Jamus ya ɗauki Revell, yayin da Atlantis, wani ƙaramin kamfani a jihar Niyok, ya sayi ɗimbin tsofaffin mol na Revell da Monogram da Aurora da Renwal, kuma tun daga lokacin sana'arsa ke nan, sake fito da tsofaffin kaya a cikin kwali mai zane irin na da. Duk lokacin da dukiya ta sauya hannu irin haka wani abu yakan salwanta. Tun a 1977, da Monogram ya sayi mol ɗin Aurora, jirgin ƙasan da ya ɗauko su ya yi hatsari a hanya, wasu suka lalace. Shi ya sa nake ganin duk mol ɗin da ya tsira zuwa yau, jinkirin amfani da shi asara ce, domin ƙarfe ba ya ƙara lafiya a ajiye.

Ma'ajin Kwalaye:
Ina neman afuwar Baba, amma ni ina cikin mutum goman nan da ya ambata, kuma ina so a ji ta bakinmu. Ana yawan zarginmu da cewa muna ƙin sabon bugu ne domin kada darajar abin da muka tara ta faɗi. Gaskiyar magana ita ce sabon bugu ba ya taɓa farashin bugun farko sosai, domin mai neman kwalin 1962 kwalin yake nema, da zanensa da takardar umarninsa da launin robarsa, ba motar kawai ba. Wanda yake faɗuwa shi ne farashin bugun tsakiya da na kwalayen da aka riga aka fara taɓawa, kuma wannan bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni shi ne a ɗauki fasahar 1962 a sa ta a sabon kwali a sayar wa matashin da ya saba da kayan kamfanin Tamiya na Japan, inda kowane yanki yake shiga mazauninsa ba tare da gardama ba. Zai buɗe ya tarar da layin mahaɗa a tsakiyar kowane bututu, da tabon sandar turawa a wurin da ido yake gani, da kayan ƙyalli waɗanda dole ya kankare bakinsu kafin gam ya kama, kuma babban ma'auni ba ya rufa wa kowa asiri: kuskuren da zai ɓuya a ƙaramar mota, a babba sai ya zama kamar tsagar gado a fuska. Wannan matashi zai yi fushi ya ce an cuce shi, ya tafi yana zagin abin da mu muke girmamawa. Manyan motocin kamfanin Lindberg ma, irin su Bobtail T da Exterminator, an sake fito da su, kuma duk wanda ya san su ya san sun fi kusa da abin wasa mai batir fiye da kwafin motar gaske. Ba kowane tsoho ne dattijo ba.

Uwar Tagwaye:
Malam Ma'aji, na ji hujjarka, amma ina ganin ka yi wa matasa gurguwar fahimta. Ni malamar koyar da fasaha ce a makarantar sakandare, kuma abin da na lura da shi a aji shi ne yaro ba ya gudun wahala idan yana ganin abin da hannunsa yake yi. Abin da yake kashe masa gwiwa shi ne yankin da ya fi ƙwayar shinkafa ƙanƙanta, wanda zai tsalle daga bakin hantsaki ya ɓace a ƙasa. Maigidana ya taho mana da Big Deuce bugun baya daga wata tafiya, muka harhaɗa ta da tagwayena a hutun ƙarshen shekara, a kan tabarma, kowane yanki a cikin murfin kwano domin kada ya ɓace. Ranar da muka zo kan ƙafar gaba, Hassana ta riƙe sifirin ɗin nan guda ɗaya da yake kwance a gicciye bisa aksul, ta dube shi ta ce ashe shi ya sa tsohuwar mota take rangaji. Na yi shekaru ina zana wannan a allo ban samu wanda ya gane shi da sauri haka ba.

Game da layin mahaɗa da ɓawon roba kuwa, ai su ne karatun. Yaron da ya koyi goge layi da samfefa har ya ɓace, ya koyi gwada yanki kafin ya sa gam, ya koyi haƙurin barin fenti ya bushe, ya samu abin da kayan zamani masu shiga da kansu ba za su ba shi ba. Kuma hot rod ta fi kowace mota dacewa da wannan, tunda ba ta da murfin inji balle madagadi, komai nata a fili yake, daga lagireto har salansa. A ɗaya gefen kuma akwai manya irin su Baba, waɗanda ido ya fara raguwa, hannu ya fara rawa. Babbar mota ita ce take ba su damar ci gaba da abin da suke so. Abin da zan roƙa kawai shi ne a rubuta shekarar asalin mol a jikin kwali ɓaro-ɓaro, domin mai saye ya san abin da ya ɗauka.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga manya. Hajiya ta yi sa'a maigida ya riƙo mata a hannu, domin da ta aika an kawo mata da labarin ya sha bamban. Ku da kuke maganar farashin kanti a Amurka, mu nan rabin kuɗin a hanya yake tafiya. Masu jigilar kaya ta jirgin sama ba nauyin sikeli kawai suke dubawa ba, suna auna tsawo da faɗi da tsayin kwali da santimita, su ninka, su raba da 5000, abin da ya fito shi ne nauyin da za a caje ka idan ya fi na sikeli. A ce kwali yana da 60 da 40 da 15, ka ga an tashi da kilo bakwai da ɗoriya, alhali robar da take ciki ba ta kai rabin haka ba. Ke nan iska kake biya wa kuɗin jirgi, kafin a zo maganar kwastan.

Ga kuma abin da ya same ni. Na taɓa sayen wata tsohuwar babbar mota a hannun wani mai gwanjo, ta yi wata biyu a hanya, da na buɗe sai na tarar taya ɗaya ta kwanta a kan gilashin gaba shekara da shekaru, man da yake cikin robar tayar ya narka shi ya bar zoben da ba ya goguwa, sitikun ado kuma, waɗanda ake jiƙawa kafin a liƙa a jikin mota, da na tsoma su a ruwa sai suka wargaje kamar busasshen ganye. Wani zai ce wannan hujja ce ta a sake bugawa, ni kuwa darasin da na ɗauka daban ne. Yanzu ina da firintar 3D, wato na'urar da take ƙera abu daga zanen kwamfuta, mai aiki da ruwan roba da ake kira resin, ina sayen zanen inji ko na taya ta intanet, in buga shi a ma'aunin da na ga dama, kuma kafireta da take fitowa daga ciki ta fi ta 1962 kyau nesa ba kusa ba. Me zai sa mu zauna jiran wani kamfani ya tausaya mana?

Injiniyan Sharaɗa:
Ƙanena, firintarka tana da amfani, amma kada ka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Resin yana da kyau a ƙananan abubuwa masu yawan ado, kamar kafireta da murfin bawul, amma yana da gautsi, kuma dogon abu siriri kamar sandar shasi mai tsawon inci goma sha wani abu yakan bankare bayan ya bushe, musamman a zafinmu. Gam ɗin roba na yau da kullum, wanda yake narka fuskoki biyu ya haɗe su, ba ya kama shi, sai dai sufa gulu. Jikin mota kuwa sai ka raba shi gida-gida kafin ya shiga firintar gida, sa'an nan ka zauna ɗinke shi. Robar zubi ta fi shi juriya da sauƙin gyara: idan ta lanƙwashe ka tsoma ta a ruwan zafi ka miƙar da ita.

Sai dai maganarka ta tuna mini da hanya ta uku wadda ba mu ambata ba. Round 2, kamfanin jihar Indiyana da yake riƙe da tsofaffin sunayen motocin harhaɗawa na AMT da MPC, kuma ya sayi Lindberg a 2013, ya ɗauki salon kwafar tsohuwar mota da mol ɗinta ya ɓace ko aka sauya shi, a auna tsohon kaya a sassaƙa sabon ƙarfe, a gyara kurakuran da aka sani. Haka suka yi wa Chevy Nova ta 1963 mai dogon baya da Dodge Coronet ta 1968. Amma ku lura duka ƙananan ma'auni ne. Sassaƙa sabon mol na ɗaya bisa takwas daga farko kuɗi ne da ba na jin kasuwar hot rod ita kaɗai za ta iya mayarwa, shi ya sa a babban ma'auni rayuwar motar tana rataye ne da rayuwar tsohon ƙarfen.

Ma'ajin Kwalaye:
Akwai kuma kuɗin da ba a gani a jikin roba, wato lasisi. A shekarun 1960 kamfanonin motoci suna murna a kwaikwayi kayansu domin talla ce a gare su, yanzu kuwa sunan mota da tambarinta da sunan da yake gefen taya duk sai an biya. Shi ya sa za ku ga sabon bugu na tsofaffin motoci da yawa ya zo da taya mai santsin gefe, an shafe sunan kamfanin tayar daga mol. A ƙaramar mota mutum zai iya kau da kai, amma a tayar da ta kai faɗin tafin hannu wannan fili yana tsone ido. Idan za a ba ni Big T da tayar da ba ta da suna, da sitikun da aka cire rabin tamburansu, to ba Big T ɗin da Baba yake bege ba ce, 'yar uwarta ce da ta yi kama da ita.

Dattijon Mishigan:
Malam Ma'aji, na yarda da kai a kan taya, kuma ni ma abin yana ɓata mini rai, amma kama da wane ta fi babu wane a wannan wuri. Wanda ya samu jiki da shasi da inji a farashin da zai iya, sauran ƙananan abubuwa ai ga irin su Ɗan Damagaram nan da firintarsu. Ni ban ga gaba tsakanin hanyoyin biyu ba: masana'anta ta ba mu manyan sassa da robar zubi, masu firinta su ba mu tayoyi masu suna da kafireta masu kyau.

Injiniya kuma, game da cewa babu kasuwa, ina so ka dubi abin da yake faruwa a wannan ma'auni ɗin kansa. Pocher na Italiya, wanda ya yi suna tun shekarun 1960 da manyan motoci masu ɗaruruwan sukurori, ya dawo a 2013 a hannun Hornby da Lamborghini Aventador mai ɗaya bisa takwas. DeAgostini da Agora suna sayar da motoci masu wannan ma'auni kashi-kashi, mutum ya yi ta biya wata-wata har jimillar ta haura dala dubu, kuma ana saye. To idan akwai masu fitar da wannan kuɗi a kan motar ƙarfe da aka riga aka yi wa fenti, wadda aikinka kawai ɗaura sukurori ne, ba za a rasa masu sayen ta roba a kashi ɗaya bisa biyar na wannan ba. Bambancin kuma shi ne waccan kowa tasa iri ɗaya take fitowa, hot rod kuwa tun asalinta babu biyu masu kama da juna, domin kowane saurayi da abin da ya tsinto a bola yake haɗa tasa. Motar roba da za ka iya yankewa ka rage mata tsayi, ka sauya mata inji, ka zaɓa mata launi, ita ce ta yi daidai da wannan al'ada.

Injiniyan Sharaɗa:
Baba, kada a manta cewa Eaglemoss, wanda shi ma yake wannan sana'a ta kashi-kashi, ya durƙushe a 2022 ya bar mutane da motoci rabi da rabi, saboda haka kasuwar ba ta da tabbas kamar yadda take a ido. Amma na karɓi rabin maganarka. Idan mol yana da lafiya, kuma kamfani ya karɓi oda tun kafin ya kunna inji domin ya san adadin da zai buga, to Big T da Big Deuce za su iya fitar da kansu, musamman da yake Big T tana tarayya da 'yan uwanta a kayan ƙasa, ana iya zuba shasi da inji sau ɗaya a raba su kwali iri biyu ko uku. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a kwaso duk wani abu mai girma a sake shi saboda tsufansa kawai. Kuma in da za su ji shawarata, kayan ƙyallin nan a ba da su kashi biyu, ɗaya da ruwan ƙyalli ɗaya tsirara, domin mai son goge layin mahaɗa ya huta da wanke su, tayoyi kuma a ɗaure su a ledarsu daban, nesa da gilashi.

Uwar Tagwaye:
Wannan shawara ta ƙarshe ta yi mini, Injiniya, domin mun sha wahalar kankare ƙyalli a bakin kowane yanki, har Usaina ta yanke yatsa da reza. Ina ƙara roƙon a bar takardar umarni ta asali yadda take, mai kiran kowane yanki da sunansa, a maimakon irin ta yanzu da ba ta da komai sai lamba da kibiya. Daga irin waccan takarda yaro yake sanin cewa abin da yake riƙe da shi yana da suna kuma yana da aiki a jikin mota.

Ma'ajin Kwalaye:
Hajiya, a kan takardar umarni ba ni da ja ko kaɗan. Idan za a rubuta shekarar mol a kwali kamar yadda kika nema, a kuma sa wata alama a ƙasan shasi da za ta bambanta sabon bugu da na farko domin kada 'yan damfara su zuba sabuwar roba a tsohon kwali su sayar da ita a matsayin ta 1962, to na janye rabin adawata. Rabin da ya rage yana nan a kan tayar da ba ta da suna.

Baban Ummi:
Na gode wa kowa. Ni dai na fasa bin wancan kwali na gwanjo, domin ko da na saye shi ba zan iya sa masa wuƙa ba, kuma ba ajiya nake nema ba. Akwai wani da ya yi mini tayin Big T bugun baya wadda aka fara harhaɗawa aka watsar, babu tayar baya ɗaya kuma gilashin ya tsage, a farashin da zan iya. Ɗan Damagaram, idan na auna maka tayar da ta rage, faɗinta da kaurinta da ramin tsakiya, za ka iya buga mini guda biyu domin su zo iri ɗaya?

Ɗan Damagaram:
Zan iya, Yaya, amma kada ka auna da rula, ka nemi kalifa a wurin masu gyaran inji ka ba ni awon da milimita, kuma ka ɗauko hoton zanen ƙasan tayar daga kusa. Gilashin kuwa kada ka ɓata kuɗi a kansa, tunda na Big T shimfiɗaɗɗe ne ba shi da lanƙwasa. Ka samu farar roba mai haske irin ta murfin kwalin riga, ka ɗora tsohon a kai ka zana, ka yanka da sabuwar reza. Idan tayoyin sun bushe zan ba direban da yake zuwa Kano ranar Laraba, sai ka sa wani ya karɓa maka a tasha.